Ƙarƙashin Igiyar Shanya

Yarjejeniyar da Malama ta yi da mijinta gajeriya ce, kuma a kan bencin ƙofar ɗakin wankin ciwo aka ƙulla ta, yana zaune da ƙafar dama naɗe cikin tsohon tawul. Shi zai riƙa zuwa kowace safiya Nas ta wanke masa gyambon. Zai sha ƙwayoyinsa na ciwon suga ba sai an bi shi da kofin ruwa ɗaki-ɗaki ba. Ba zai bari a zuba komai a ciwon ba sai abin da ya fito daga hannun Nas. Ita kuma za ta dafa masa ganyen mahaifiyarsa, guda bakwai, kullum kafin su fito.

"Ranar da babu ganye, babu asibiti," in ji Tela, mijin nata. "Kuma kin san abin da ke cikin aljihun keke."

Ta sani. A aljihun keken ɗinkinsa, tsakanin zarurruka da guntayen alli, akwai wani baƙin gari ƙulle cikin leda, wanda yayarsa ta karɓo masa wurin wani mai baza kaya a bakin tashar mota. Mutumin ya ce a cusa shi cikin ciwon a ɗaure, kwana uku fata za ta haɗe. Nas kuwa, da aka nuna mata, ko kwance ledar ba ta yi ba.

"Baba," ta ce, "in wannan ya shiga ƙafarka, ba ni za ka ƙara gani ba. Likitan hawa na biyu za ka gani, shi kuwa daga gwiwa yake fara magana."

Ƙafar ce ke taka keke. Shekara arba'in da huɗu tana wannan aiki. An sha ba shi shawarar ya sayi mai lantarki, ya ce shi ba ya ɗinki da abin da ya fi shi sauri. Ciwon ya samo asali ne daga wani sabon takalmi da ya ci shi a gefen ƙaramin yatsa. Bai ji ba, don ƙafar mai suga ba ta kawo ƙara da wuri. Kafin a farga ya yi rami.

Malama shekara talatin ta yi tana koyar da ilmin tsirrai da dabbobi a makarantar sakandare kafin ta ajiye alli. Ba ta taɓa cewa ganyen ba ya magani ba. Abin da take cewa shi ne ba ta ga inda aka gwada ba, wanda a kunnen dangin mijinta duk ɗaya ne, har ma ya fi zafi. Ta yarda da yarjejeniyar ne don ta duba littattafanta ta ga ganye bakwai a kofin ruwa ba za su cutar da shi ba, kuma ta san mutumin da ta aura. In ya kafe, gara a tura katanga.

Ganyen ba shi da wani suna a gidan sai "shimfiɗar Inna". Malama ta san sunansa na littafi, mai gaɓa takwas, amma ta daina faɗa tun shekarar aurenta, ranar da aka sa ta maimaita shi sau uku ana dariya. Ɗan tsiro ne mai yaɗo, tsayinsa ba ya wuce idon sawu. Ganyensa kewayayye kamar maɓallin kwat, bakinsa da 'yan tsage-tsage, ɗanɗanonsa ɗaci-ɗaci da ɗan ƙanshin ɗanyen karas. Yana miƙa siririn reshe kamar zare, duk inda gaɓar zaren ta taɓa ƙasa mai laima sai ta saki saiwa ta kama, daga nan wani zaren ya sake fita. A zamanin Inna ya rufe lungun bayan kicin gaba ɗaya, daga famfo har katanga, taku takwas a tsaye, uku a kwance, ko ƙasa ba ka gani.

Da shi Inna take komai. Ruwan zafi ya ƙone yaro, a murza a shafa. Ƙurajen zafi sun fito, a jiƙa a yi wanka. Mai jego ta sha. Mai jarrabawa ya tauna uku don kada karatu ya zube masa a hanya. Tsoho ya sha don ya daina neman tabarau alhali suna kan goshinsa. Maƙwabta kan aiko a tsinko musu. Waɗanda suka warke sukan dawo godiya, waɗanda ba su warke ba kuwa ba sa dawowa, saboda haka a lissafin gidan ganyen bai taɓa kuskure ba.

Yana da dokoki, kuma kowa ya haddace su. Ba a yanka shi da ƙarfe, sai da farce. Ba a tsinka bayan rana ta hau katanga. Mai tsinka ba ta magana sai ta shiga kicin. Guda bakwai, ba shida ba, ba takwas ba.

Da Inna ta rasu, shekara uku ke nan, Yaya, yayar Tela, ta tara 'yan'uwa a falo ta ce abin da hannun uwarsu ya shuka ba za a ci gaba da tattake shi kamar tabarmar bakin ƙofa ba. Aka kira mai walda ya kewaye shi da ragar waya mai tsayin gwiwa, har da 'yar ƙofa da sakata. Igiyar shanya da ta ratsa ta kansa aka kwance ta aka mayar gaban gida, don kada ruwan sabulu ya riƙa ɗiga a kan magani. Aka sayo takin zamani da 'yar butar ban-ruwa mai huji-huji a baki. An girmama shi iya girmamawa, shi kuma ya fara mutuwa.

Ba nan take ba. Shekarar farko ma tashi ya yi, ya yi ganye fato-fato kamar tafin hannun jariri, Yaya ta ce Inna ce ta ji daɗi. Shekara ta biyu tsakiyarsa ta yi sanƙo. Ta uku sanƙon ya ci gefe da gefe, sai 'yan tsibirai nan da can. Malama ce ke zaune a gidan, don haka kulawar a wuyanta take, laifin ma haka. Ta rage taki. Ta canja ƙasa. Ta yi masa rumfa da tsohon buhu, ta cire rumfar. Ta dasa yanki-yanki a gwangwanayen madara, suka yi mako biyu suna kallonta, suka bushe.

Ranar da aka ƙulla yarjejeniya, da suka dawo gida, ta buɗe 'yar ƙofar ta tsuguna ta ƙirga. Ganye ɗari da talatin. Sababbi na fitowa kamar biyu a rana. Nas ta ce ciwon zai ci wata biyu in an yi sa'a. Malama ba ta buƙaci takarda ba: kwana ashirin da shida, sai lungun ya zama fili.

A rana ta tara ta gwada sa biyar. Tela ya kurɓa, ya riƙe a baki, ya haɗiye.

"Malama, yau ruwan nan kunya yake ji?"

"Me ka gani?"

"Biyar kika sa. Sugan a jini yake, bai hau harshe ba."

Ba ta ƙara ba.

Yaya takan zo Talata da Asabar, da ƙatuwar jakarta mai ɗauke da rabin ɗakinta. Ta girmi Tela da shekara shida, kuma har gobe Auta take kiransa, ko da yake furfura ta gama da shi. Malama kuwa Amarya ce, shekara arba'in da ɗaya ke nan. Ba ta zama sai ta fara leƙa lungun. Ta kan tsaya a bakin ragar, hannu a ƙugu, kamar mai duba mara lafiyar da aka ba wa maganin da ba nasa ba.

"Amarya, hannu ne. Akwai hannun da tsiro ba ya so."

"Hannun nan dai shi ya raini barkonon da kika cika jaka da shi makon jiya, Yaya."

"Barkono ina ruwansa da abin da ke zuciyar mutum? Wannan kuwa yana ji. Kina tsinka kina magana, na sani."

"Da wa zan yi magana? Da famfo?"

"Da ranki. Kina tsinka kina cewa ƙarya ne."

"Cewa nake ɗaya, biyu, uku."

"To ai ga shi nan. Ƙirga shi kike kamar 'yan aji. Inna ta taɓa ƙirga shi?" Sai ta ɗaga murya ta yadda za ta isa ɗakin ɗinki. "Auta! Kana ji dai. In abin ya ƙare ba a rasa mafita ba. Mutumin nan mai garin magani ya ce har wanda ƙashinsa ya fito ya warkar."

"Kin ga wanda ya warkar ɗin?" Malama ta tambaya.

"Na ga hotonsa."

Ciwo yana kawo wanki. Tawul, safa, zanen gado, duk sai an wanke kullum an tafasa, haka Nas ta ce. Saboda haka Malama ta koma yini a bakin famfo fiye da yadda ta saba. A rana ta goma sha bakwai sabulu ya sulluɓe mata, ta sunkuya ɗauka, sai ta ga wani abu a gefen silifas ɗinta. Wani zare ne na ganyen ya sulale ta ƙarƙashin raga ya fito waje, daidai inda kowa ke tsayawa in zai tari ruwa a bokiti. Ba ya kama da na ciki. Ganyensa ƙanana ne, masu kauri, kore shar har ya yi duhu, sun kwanta male-male a ƙasa, taɓo ya ɓata su. Ta kama zaren ta ja. Ya ƙi. Ta ƙara ja, ganye ya tsinke a hannunta, zaren yana nan daram.

Ta buɗe 'yar ƙofar ta shiga, ta sa yatsa ƙarƙashin wani zare na ciki ta ɗaga. Ya taso gaba ɗayansa, kamar zaren da aka ajiye a kan tebur. A kowace gaɓa ga 'yan fararen saiwoyi nan sun fito sun bushe a iska, ba su taɓa isa ƙasa ba. Taki ya sa ganyen ya yi dogayen wuya, wuyan ya ɗage zaren sama. Ƙasar kuwa yayyafin buta ya daddaɓe ta, rana ta gasa, ta yi ɓawo kamar bayan burodi.

Malama ta kife bokiti ta zauna a kai.

Ta yi ƙoƙarin tuno Inna da butar ban-ruwa a hannu, ta kasa. Ba ta taɓa ganin ta ba wa ganyen ruwa ba. Ba ta taɓa ganin ta durƙusa gabansa ba sai in za ta tsinka. Abin da take gani kullum shi ne wanki. Inna mace ce da in ta rasa mai datti sai ta wanke mai tsabta. Ga ta da jiki, ga ta ba ta son takalmi a cikin gida. Daga famfo zuwa katanga, daga katanga zuwa famfo, tana bin igiya da jiƙaƙƙun kaya a kafaɗa, sau ashirin kafin hantsi, kowane taku da nauyinsa. Kuma tun da wuyan hannunta ya fara ciwo ba ta iya matse kaya da kyau, don haka shanyarta takan yi ta ɗiga har azahar, ta kuma yi wa lungun inuwa daidai lokacin da rana ta fi zafi.

Duk abin da Inna ta faɗa da baki an riƙe shi, har da bakwai ɗin. Abin da ta yi da ƙafa ba wanda ya gani, don ba ta taɓa sa masa suna ba. Wataƙila ita ma ba ta sani ba.

Abin da ya fi ci wa Malama rai ba na Yaya ba ne. Shekara talatin tana gaya wa 'ya'yan mutane su duba kafin su buɗe baki. Cikin dokokin gidan nan kaf, ragar ce kaɗai ta ga tana da ma'ana. Ita ce ma ta riƙe wa mai walda bakin awo.

Ta sake lissafi. Saura ganye kamar arba'in da biyar, kwana tara ke nan, daga nan shi ke nan har abada. In ta taka, abin da ta taka ya murje, ba zai dafu ba, kuma saiwa ba ta kama ƙasa a ƙasa da kwana goma. Za a sami ranakun da babu ganye ko ta wace hanya ta bi. Bambancin kawai, hanya ɗaya tana da bayanta.

Hali ba ya barin mutum: ba ta taka duka ba. Ta shiga ɗakin ɗinki ta ɗauko jan zare, Tela yana bin ta da ido, ta raba lungun gida biyu a tsaye. Rabin da ke jikin bangon kicin ta bar shi yadda Yaya ke so, daga nan za ta ci gaba da tsinka. Ɗaya rabin ta cire masa raga, ta farfasa ɓawon ƙasar da tsohon cokali mai yatsu. Ƙusar Inna tana nan a katanga, ta yi tsatsa amma ba ta girgiza. Ta kwanto igiya daga gaban gida ta mayar da ita mazauninta. Sannan ta cire silifas, ta saɓa jiƙaƙƙen zanen gado, ta taka.

Yana da sanyi a tafin ƙafa, yana kuma ƙara ƙas-ƙas. Ƙanshin ɗanyen karas ya tashi.

A haka Yaya ta same ta ranar Asabar, tana tsakiyar zuwa da dawowa, da farin zanen gado yana ɗiga mata a baya. Jakar ta faɗi ƙasa.

"Na shiga uku! Auta! Auta, fito ka ga matarka tana rawa a kan maganinka!"

"Sannu da zuwa, Yaya. Shanya nake."

"Shanya? Gaban gida ya cika ne? Ke dai dama tun ranar da kika shigo gidan nan kika laƙa masa sunan nan mai gaɓa takwas kike neman hanyar da za ki ga bayansa. To kin gani. Boko ya yi rana!"

"Inna a nan take shanya."

"Inna ta san abin da take yi!"

"Shi nake so in gani."

Tela ya fito bakin ƙofar kicin yana dogara sanda, ƙafar a ɗage. Ya dubi ganyen da ya murje ya haɗe da taɓo. Ya dubi jan zarensa a miƙe. Ya ɗaga kai ya daɗe yana kallon igiyar.

"Ka yi shiru ko?" in ji Yaya. "To ni dai na fita haƙƙinka. Abin da zai cece ka yana aljihun kekenka, ba sai ka nemi izinin kowa ba." Ta tattara abin da ya zube daga jaka, ta tafi ko ruwa ba ta sha ba.

Rabin da aka bari ya ba da kwana huɗu. Rana ta biyar Malama ta haɗa da na bakin famfo, ta cika bakwai da ƙyar. Rana ta shida ta fito da sassafe ta tarar da sanduna tsirara. Ta yi tunanin dafa masa wani ganye mai ɗaci, ta ma san wanda zai yi kama. Ta tuna harshensa, ta kuma tuna cewa a shekara arba'in da ɗaya ta ɓoye masa abubuwa amma ba ta taɓa ba shi ƙarya a kofi ba. Ta shiga ɗakin ɗinki hannu wofi.

Yana zaune gaban keke. Aljihun a buɗe, ledar a kan tebur. Ya riga ya ji ba a kunna murhu ba.

"Yau babu ganye," ta ce.

"Na ji."

Ya ɗora ƙafar a kan kujera ya fara neman bakin bandeji. Hannunsa ba ya rawa, hannun tela ne. Malama ta tsaya tana kallo. Ta san duk abin da za ta iya faɗa game da ƙwayoyin cuta da ruɓewar nama, ta kuma san ya riga ya ji shi daga bakin da ya fi nata farin kaya.

"Kafin ka kwance, zo ka ja min wani abu."

"Ja kuma? Da wace ƙafar?"

"Da hannu. Ba nisa."

Ya yi tsaki, amma ya ɗauki sanda. Ta kai masa kujera har ƙarƙashin igiya, ta zaunar da shi, ta ɗora ƙafar a kan kifaffen bokiti. Ta ɗago wani zare daga rabin da ba a taka ba ta miƙa masa.

"Ja."

Ya ja. Ya taho masa har tsawon kamu biyu, ba gardama.

"Yanzu wannan."

Ya sunkuya ya kama na ƙarƙashin igiya, wanda kwana shida ana tattakawa. Ya ja. Ya ƙi. Ya matsa gaba ya kama wata gaɓar, ita ma ta ƙi. Ya bi zaren da ɗan yatsa gaɓa-gaɓa, yadda yake bin ɗinkin wani telan in an kawo masa gyara.

"Wannan an ɗinke," ya ce. "Wancan ɗora shi kawai aka yi."

"Bai gama kamawa ba. Amma duba nan."

A bakin kowace gaɓa akwai ɗan ganye a naɗe, bai kai maɓallin rigar jariri ba.

"Za su kai bakwai," in ji Malama. "In ka ce in tsinka, yanzu zan tsinka in dafa, mu tafi. Sai dai in na tsinka, gobe babu, jibi babu, baɗi ma babu. In na bari, ka ba ni kwana goma. Ƙafarka ce, ganyen uwarka ne. Ni dai ban ce yana magani ba, ban kuma ce ba ya yi ba. Na ce na san abin da ke kashe shi."

Tela ya taɓa ɗan ganyen da bayan farce. Tawul ɗin da ta shanya da asuba yana ɗiga, wani ɗigon ya sauka masa a ƙeya ya gangara cikin riga. Ya ɗaga kafaɗa, bai matsa ba.

"Ko ranar da aka kawo ki gidan nan sai da ta yi wanki," ya ce. "Baƙi na shigowa suna sunkuyawa ƙarƙashin zannuwanta."

"Na tuna. Ɗaya ya share min kwalliya."

"Ba ta iya matsa ba."

"Ko kaɗan."

Ya ƙara taɓa ɗan ganyen da bayan farce, a hankali.

"Bar su su yi ƙarfi."

"To asibiti fa?"

"Ɗauko min takalmin nan mai buɗaɗɗen baki. Nas ɗin nan in mutum ya makara sai ta wanke shi kamar tana kankare tukunya." Ya miƙe da ƙyar. "Kada ki ɗauka yarjejeniya ta tashi. Hutu na ba ki."

Da ta shiga ɗauko takalmin ta ga ledar a kan tebur. Ba ta taɓa ta ba. Da suka dawo shi ya mayar da ita aljihu ya rufe.

Kwana goma sha ɗaya aka yi babu ganye. Duk Litinin Nas takan auna ciwon da ɗan ma'aunin takarda, Malama kuma takan rubuta a bayan katin asibiti. Makonnin da yake shan ganye ramin ya ragu da kaɗan-kaɗan. Makonnin da bai sha ba ya ragu da kaɗan-kaɗan ɗin dai. Ta daɗe tana kallon lambobin. Ƙafa ɗaya ce, ta mutum ɗaya, da ɗalibi ne ya kawo mata wannan a matsayin hujja da ta mayar masa. Ta mayar da katin jaka, ba ta nuna wa kowa ba. Rana ta goma sha biyu ta kunna murhu ta dafa bakwai.

Ƙaramin yatsan bai tsira ba. Tun farko ya yi baƙi, kuma a mako na shida likitan hawa na biyu ya cire shi, daga nan ya fara magana, a nan kuma ya tsaya. Sauran ƙafar ta haɗe a wata na huɗu, da tabo kamar bakin aljihu. Tela ya ce dama yatsan nan bai taɓa taya shi taka keke ba, cin abinci kawai yake.

Kowa ya san abin da ya warkar da shi. Nas ta ce ruwan gishiri ne da zuwa kan lokaci. Yaya ta ce ganye ne, kuma da ba a yi masa yankan kwana goma sha ɗaya ba da yatsan ma yana nan. Ta karɓi ledarta ta mayar jaka, ta ce an gaya mata yana maganin amosanin kai ma.

Zuwa lokacin jan zaren ya ɓace a ƙarƙashin kore. Malama ta cire sauran ragar ta jingine bayan famfo, ganyen ya haye rabin Yaya ya rufe shi, ya doshi katanga. Maƙwabta suka dawo aike. Wata rana da hantsi matar mai gyaran rediyo ta zo neman iri za ta dasa a gidanta, ta tarar da Yaya, Yaya kuwa ta ja ta lungun da kanta. Malama tana kicin tana yanka albasa, taga a buɗe.

"Ki saurara da kyau, don ba kowa ake gaya wa ba," in ji Yaya. "Ba ya kama ƙasa sai an taka shi. Ba takalmi. Ki fara da ƙafar dama, ki je ki dawo sau bakwai, kuma da farin zanen gado a kafaɗarki. Haka Inna take yi, mu muka gani da idonmu."

"Dole sai fari? Nawa duk masu fure ne."

Yaya ta juyo wajen taga.

"Amarya! Dole sai fari, ko?"

Malama ta ajiye wuƙa. Daga ɗakin ɗinki ƙarar keke na tashi, tana tsayawa, tana sake tashi, a hankali fiye da da.

"Ya dai zama jiƙaƙƙe," ta ce. "Kuma kada ta matse."